Yana gyara fanka, amma ya zo na 41 a aji: ina matsalar take?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga malaman da ke cikinmu. Ɗana shekararsa 14, yana aji uku na ƙaramar sakandare. Sakamakon zangon nan ya fito, ya zo na 41 cikin 46. Lissafi 28, Turanci 33. A ƙasan takardar an rubuta wai yaron ba ya ja. Babansa ya ce kuɗin makaranta asara ne, a cire shi a kai shi wurin mai rewaya. Abin da ya hana ni barci shi ne, yaron nan da ake cewa ba ya ja, shi ya kwance fankar ɗakina da ta yi wata biyu a mace, ya gano abin da ya ƙone, ya sayo ya sa, ta tashi. Maƙwabta har layi suke yi masa da tocila da rediyo da caja. Ba wanda ya koya masa. To ƙwaƙwalwar da ta gane cikin fanka, ita ce kuma ta kasa lissafin rabawa? Don Allah ku fahimtar da ni.

Hajiya Iya: Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Allah ya yi masa albarka.

Baban Khalifa: Ni ina bayan babansa. Allah ya nuna muku hanyar abincin yaro tun da wuri, me kuma kuke jira? Masu digiri nawa ne suke tuƙa adaidaita sahu a garin nan?

Malam Habibu: Maman Sadiq, tambayarki tsohuwa ce a fagen ilimin tarbiyya, kuma muna koyar da ita ga ɗalibanmu masu shirin zama malamai. Akwai wani masani a Jami'ar Harvad ta Amurka, Howard Gardner. A 1983 ya fitar da littafi mai suna Frames of Mind, inda ya ce kuskure ne a ɗauki basira a matsayin abu guda da za a auna da lamba ɗaya. Ya lissafa iri bakwai: ta harshe, ta lissafi da bin hujja, ta gane siffa da fili, ta sauti da kiɗa, ta sarrafa jiki da hannu, ta fahimtar mutane, da ta sanin kai. Daga baya ya ƙara ta takwas, wato gane halittu, tsirrai da dabbobi da yanayi.

A cikinsu, guda biyu kawai makarantarmu take aunawa, harshe da lissafi, sai ta buga wa yaro tambarin daƙiƙi ko haziƙi. Bafulatanin da zai dubi garke ya ce saniya kaza ba ta dawo ba, ba tare da ya ƙirga ba, a wace takarda za a ba shi maki? Marinin Ƙofar Mata da ya san baba ya nuna da ido da hanci fa? Abin da zai ba ku sha'awa, a farkon littafin Gardner ya kawo misalin yara uku: ɗan tsibirin Puluwat na tekun Pasifik da ke koyon tuƙin jirgin ruwa da taurari, ɗan Iran da ya haddace Alƙur'ani, da wani a birnin Faris na Faransa mai haɗa kiɗa da kwamfuta. Ya ce duk ukun sun kai wani matsayi na basira, amma gwajin da aka saba ba zai gan su ba. Sadiq ba daƙiƙi ba ne. Basirarsa a hannu da ido take.

Maman Sadiq: Malam, Allah ya saka da alheri. Wallahi har na ji sanyi a raina.

Dakta Bilkisu: Malam Habibu, da izininka zan saka baki, domin nazarin halayyar ɗan Adam shi ne fannina, kuma ba na son Maman Sadiq ta tafi da rabin magana. Ra'ayin Gardner ya karɓu wurin malaman makaranta fiye da yadda ya karɓu wurin masu auna basira. Dalili kuwa, tun 1904 wani Bature ɗan Ingila, Charles Spearman, ya lura cewa yaron da ya yi kyau a darasi ɗaya, galibi yana yin kyau a sauran. An yi ta maimaita wannan gwaji fiye da shekara ɗari, a ƙasashe da yawa, ana samun abu ɗaya. Da a ce basirorin nan takwas kowace zaman kanta take yi, da ba a ga wannan alaƙa ba. Gardner kuma bai samar da ma'aunin da zai raba su ɗaya bayan ɗaya ba.

Me ya sa na dage? Saboda jimlarka ta ƙarshe ce ta tsorata ni. Idan muka ce basirar yaro a hannu take, uwa za ta ji daɗi, amma babansa zai ce to ai abin da na faɗa ke nan, a cire shi. Ni akasin haka nake gani. Yaron da zai kalli matacciyar fanka ya ce ko wuta ce ba ta shiga, ko kwayil ne, ko wani abu, ya riƙa cire zato ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga na gaskiya, wannan bin hujja yake yi. Irin tunanin da lissafi yake buƙata ke nan. Saboda haka 28 ɗin nan ba ƙwaƙwalwarsa take aunawa ba, wani abu ne ya tare hanya, kuma shi ya kamata a nemo.

Malam Habibu: Dakta, na yarda da gyaran ƙarshe, amma ban yarda a jefar da Gardner ba. Alaƙar da Spearman ya gani ai galibi tsakanin darussan makaranta ce, na alƙalami da takarda. Kin taɓa ganin an saka ɗan dambe ko mai sulhu tsakanin ma'aurata a cikin gwajin?

Dakta Bilkisu: Ban ce a jefar ba, Malam. Ya yi amfani wajen sa malamai su daina raina yara. Amma masu sukarsa suna cewa abin da ya kira basira ta kiɗa ko ta jiki, da can baiwa ake ce masa, suna kawai ya canja.

Alaramma Sani: Assalamu alaikum. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na shekara fiye da ashirin ina zaune da yara a gaban allo, bari in faɗi abin da na gani. Gardamar da kuke yi, Hausa ta riga ta raba ta. Muna cewa wane yana da hadda, wane yana da fahimta, wane yana da dabara, wane yana da zalaƙa, wane yana da wayo, wane yana da hankali. Ba wanda zai musanya ɗaya da ɗaya. Ana samun mai wayo marar hankali, ana samun mai hadda da ba ya iya bayani. A tsangaya akwai yaron da sau uku za a biya masa ya riƙe, akwai wanda sai ya rubuta ya wanke ya sake rubutawa. Akwai wanda haddarsa a hankali take tafiya, amma in ya zo satu, hannunsa ba ya kuskure ko wasali ɗaya.

Sai dai kuma, Dakta, akwai abin da ya goyi bayanki. Ban taɓa ce wa yaro kai ba na karatu ba ne, je ka. Wanda ya yi jinkiri a izu biyar na farko, na sha ganin ya zo ya wuce waɗanda suka riga shi. Abin da na lura ya fi raba su shi ne so. Yaron da yake jin daɗin sautin karatun, za ka ji yana yi a hanyar rafi, yana yi yana wanki. Kafin shekara ya maimaita abin sau ɗari fiye da ɗan'uwansa, sai mutane su ce Allah ya ba shi kai. Allah ya ba shi, amma ta ƙofar so ya ba shi.

Dakta Bilkisu: Allah ya gafarta Malam, ka kai mu inda nake son zuwa. Akwai wani bincike da aka yi a Amurka a 1988, na Donna Recht da Lauren Leslie. Sun ɗauki yara 64, suka ba su labarin wasan besbol, wani wasan ƙwallo da sanda, su karanta. Wasu gwanayen karatu ne, wasu raunana. Wasu sun san wasan sosai, wasu ba su sani ba. Raunanan da suka san wasan sun fi gwanayen da ba su san shi ba gane labarin. Ma'ana, abin da yaro yake so yana tara masa sani, sanin kuma shi ne ƙugiyar da sabon abu yake maƙalewa. Ku gwada da kanku: yaron da ake cewa ba ya riƙe komai, ku tambaye shi 'yan wasan Barcelona da lambobin rigunansu.

Usman Mai Waya: Hahaha wallahi Dakta gaskiya ne. Anti Maman Sadiq, ni gyaran waya nake yi a Farm Centre, kuma irin ɗanki ne ni. A aji huɗu na bar sakandare saboda kowa ya gama yarda cewa kaina ba ya ɗauka. Alhamdu lillahi ina cin abinci, ina da yara uku a shago. Amma bari in gaya miki inda yake yi min ciwo. Gyaran waya na yanzu ba canja gilashi ba ne kawai. In wuta ta ƙi zagayawa a cikin allon waya, sai ka buɗe taswirarsa a kwamfuta, ka bi layi, ka auna da mita, ka karanta bayanin da wasu suka rubuta, duk da Turanci. A nan masu sakandare suke wuce ni. Na kai shekara 27 kafin na koma ina koyon karatun da na gudu na bari, da daddare, bayan na gaji. Kada ku cire shi. In za a kai shi wurin oga, a kai shi da yamma da ranar Asabar.

Baban Khalifa: Usman, ai kai ne hujjata. Ka bar makaranta, ga ka da shago da yara. Wanda ya zo na ɗaya a ajinku yana ina?

Usman Mai Waya: Yaya, ban san inda yake ba. Na san dai aikin da na mayar da hannuna saboda na kasa karanta taswira, kuma kuɗinsa ya fi na canjin gilashi goma.

Malama Zainab: Ni malamar firamare ce. A wani taron bita da aka yi mana, an ce kowane yaro da salon koyonsa: wani da ido, wani da kunne, wani sai ya taɓa. Aka ce mu tantance su mu koyar da kowa ta hanyarsa. Ba wannan ne maganin Sadiq ba? Ina ga shi ɗan taɓawa ne.

Malam Habibu: Malama, a nan ni da Dakta bakinmu zai zo ɗaya. Gardner da kansa ya sha fitowa yana cewa maganarsa daban, maganar salon koyo daban, mutane ne suka cakuɗa su.

Dakta Bilkisu: Ƙwarai. A 2008 wasu masana ƙarƙashin Harold Pashler sun bi binciken da aka yi a kan wannan, ba su sami hujjar da ta nuna cewa daidaita koyarwa da salon da yaro ya ce ya fi so tana ƙara masa fahimta ba. Abin da ake koyarwa shi ke zaɓar hanyarsa. Taswirar Najeriya kowa sai ya gani, tajwidi kowa sai ya ji, ɗinki kowa sai ya riƙe almakashi. Ki kawo abin taɓawa aji, Malama, zai amfani duka yaran. Abin gudu shi ne ki ce wa yaro kai ɗan taɓawa ne, ya ɗauka an yafe masa karatu.

Malama Zainab: To fa. Yara 80 gare ni a aji, dama na rasa yadda zan raba su gida uku. Na gode.

Mushe Ibrahim, Damagaram: Gaisuwa ga kowa. Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma a wajenmu nan Nijar shi ne babba. Ina koyar da lissafi. Akwai yarinyar da take sayar da ƙosai kafin ta zo lakwal. Ka sayi na dala talatin da biyar ka ba ta jaka, kafin ka rufe baki ta ba ka canji daidai. Na rubuta mata wannan lissafin a allo da Faransanci, ta tsaya tana kallona. Lissafin bai canja ba, harshen ne ya canja. Mu Faransanci, ku Turanci, ciwon ɗaya ne. Maman Sadiq, kin tabbata lissafin ne ya faɗi, ko tambayar ce bai gane ba?

Dakta Bilkisu: Mushe, abin da ka gani an rubuta shi. A birnin Recife na Burazil, a wani bincike da aka wallafa a 1985, masaniya Terezinha Carraher da abokan aikinta sun je wurin yara masu talla suka yi ciniki da su kamar masu saye. Yaran sun amsa kusan kashi 98 cikin ɗari daidai. Da aka ba su lissafin nan dai a takarda, lambobi zalla, suka sauko zuwa kusan kashi 37. Can ma ba a canja musu harshe ba, siffar tambayar kawai aka canja. Ka ɗora baƙon harshe a kan wannan ka ga inda za a tsaya.

Malam Habibu: Kuma a gida ma an gwada. Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Ife tun 1970, aka koyar da yara firamare shekara shida da Yarbanci, Turanci yana matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Dakta, bari in ƙara miki da wanda ya fi kusa da ɓangarena: masani Robert Sternberg da abokansa sun auna yara a wani ƙauye na yammacin Kenya a kan sanin magungunan gargajiya. Waɗanda suka fi sanin ganyayyakin sun fi samun ƙarancin maki a gwaje-gwajen makaranta. Ina Spearman a nan?

Dakta Bilkisu: Na san binciken, Malam, kuma hujja ce mai kyau. Yadda masu binciken suka fassara shi shi ne, yaro yana zuba lokacinsa inda gidansu da zuciyarsa suka ɗauka da muhimmanci. Wanda ya wuni a bayan kaka yana koyon saiwa bai wuni a kan littafi ba. Ka ga mun koma maganar Alaramma. Kuma kada a ɗauka lambar gwajin basira hatimi ce. Alfred Binet, wanda ya fara haɗa irin gwajin a Faransa a 1905, don a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako ya yi shi, kuma ya yi adawa da masu cewa basira ba ta ƙaruwa. Wani nazari na 2018 da ya tattara bayanan mutum fiye da dubu ɗari shida ya nuna kowace shekara guda ta karatu tana ƙara maki ɗaya zuwa biyar a gwajin. Wanda aka cire a aji uku, wannan ƙarin aka yanke masa.

Anti Rabi Nas: Ku yi haƙuri in katse ku. Kafin a yi nisa, a duba idonsa da kunnensa. A ina yake zama a aji? Na ga yara da yawa da aka yi wa duka a kan rashin ƙoƙari, ashe allo ne ba sa gani. Wanda idonsa ba ya ganin nesa zai gyara rediyo lafiya lau, tunda a hancinsa take. Akwai kuma yaran da haruffa suke rikice musu duk da kaifin kansu.

Hajiya Iya: Rabi, Allah ya yi miki albarka. Jikata haka aka yi da ita, tabarau ne kawai.

Baban Khalifa: Duk na ji. Amma ku malamai kuna magana kamar kuɗin makaranta daga sama yake faɗowa. Mutum yana da yara shida, ya ga ɗaya yana da abin yi a hannu, laifi ne ya mayar da kuɗin kan sauran?

Injiniya Musa: Ba laifi ba ne, Alhaji, nauyi ne, kuma ba wanda ya isa ya raina shi. Amma ba hanya biyu ce kawai ba. Aji ukun da yake ciki mararraba ce. Bayan jarrabawar ƙaramar sakandare akwai kwalejojin fasaha na gwamnati, inda ake koyar da aikin lantarki, gyaran mota, walda, kafinta, tare da lissafi da Turanci da kimiyya. A ƙarshe su rubuta jarrabawar NABTEB, wato hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa, wadda ake karɓa a shiga kwalejin kimiyya da fasaha ko jami'a. Ta nan na bi. Gaskiya wasu ba su da kayan aiki, sai an je an gani da ido kafin a kai yaro. Ni a sakandare ba abin da na tsana kamar lissafi, har ranar da aka nuna min cewa kaurin wayar da zan ja a gida lissafi ne yake faɗa, in na yi kuskure gida ya kama da wuta. Daga ranar ban sake barci a ajin ba.

Maman Sadiq, ki yi masa wannan tambayar yau, da Hausa, da baki, kada ki ce jarrabawa ce. Batir mai bolt 12 da am 100, aka haɗa masa fanka mai cin wat 60, awa nawa za ta yi? In bai san yadda ake haɗa bolt da am ba, ki ce masa ninka su ake yi a sami ƙarfin da ke cikin batir. Sauran ki bar masa.

Maman Sadiq: To Injiniya, bari ya dawo daga Islamiyya.

Maman Sadiq: 'Yan'uwa na dawo. Na tambaye shi muna cin abinci. Ya yi shiru, ya ce dubu ɗaya da ɗari biyu, ya sake yin shiru yana motsa yatsu, ya ce awa ashirin. Sannan ya ce amma Umma ba za ta kai ba, don ba a bari batir ya ƙare tas, lalacewa yake yi. Daga nan na ɗauko takardar jarrabawarsa ta lissafi na ce ya karanta min tambaya ta huɗu da ƙarfi. Layi uku ne. Ya fi minti biyu yana haɗa baƙi, da ya kai ƙarshe ya manta farkon. Na fassara masa da Hausa, ya ba ni amsa. Wallahi sai da na shiga ɗaki na yi kuka. Shekara tara yaron nan yana zuwa makaranta bai iya karatu ba, ni ban sani ba, muna ta yi masa faɗan lissafi.

Injiniya Musa: Amsarsa daidai, kuma gyaran da ya yi min ma daidai.

Dakta Bilkisu: Kada ki zargi kanki, 'yar'uwa, yara da yawa haka suke haye aji bayan aji. A fara da shawarar Anti Rabi. In ido da kunne lafiya, a samo mai koya masa karatu daga tushe, baƙi da sauti, minti talatin kullum, shi kaɗai ba a gaban ƙannensa ba. Ya fara da Hausa, tunda yadda ake faɗa haka ake rubutawa, zai ga ci gaba da wuri. Abin da zai karanta kuma ya zama nasa: takardar da ke zuwa cikin kwalin inbata, rubutun jikin batir, sunayen kayan gyara. In wata uku suka wuce haruffa suna ci gaba da rikice masa, ki yi min magana ta gefe.

Usman Mai Waya: Anti, ina da tsohuwar mita da ba na amfani da ita, da ɗan littafinta. Na ba shi, amma da sharaɗi: shi zai karanta min shafin farko da bakinsa.

Baban Khalifa: Ni dai har yanzu ina ganin a haɗa masa da oga. Amma ki nuna wa babansa maganar batir ɗin nan.

Maman Sadiq: Yana zaune aka yi, Alhaji. Bai ce komai ba, sai da safe ya tambaye ni ranar da ake ganin likitan ido. Alhamis za mu je in sha Allah. Injiniya, don Allah turo min yadda ake neman gurbi a kwalejin fasahar, da lokacin da ake sayar da fom.